Shingen Gwamnati a Gonar Aro

Gonar da ta ciyar da mu tun muna tsumma ba tamu ba ce. Kowa a garinmu ya san haka, har yayana, sai dai shi ya ɗauka sanin ya tsufa.

Kakanmu ne ya taso daga wajen Illela a wata shekarar yunwa, ya sauka a wannan ƙauye namu na ƙasar Dogarawa, daga shi sai matarsa da jaki. Wani mutumin kirki ya ara masa gona a bakin kwari, inda damshi ke daɗewa bayan ko'ina ya bushe. Ba a kira alƙali ba, ba a yi dogon zance ba. Sharaɗin ba sai an faɗa ba, don da shi ake haihuwar kowa a wajenmu. Gonar aro kana shuka abin da za ka girbe ka kwashe, amma ba ka dasa mata itace, ba ka haƙa mata rijiya, ba ka yi mata shinge mai saiwa. Wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce, ko bai buɗe baki ba. Kuma duk kaka ana kai damin hatsi guda gidan masu gonar. Ba haya ba ce, dami guda ko kajinsu ba zai riƙe ba. Tuni ne kawai, cewa ba mu manta a inuwar wa muke ba.

Kakanmu ya kai, babanmu ya kai. Da babanmu ya rasu gandu ya koma hannun yayana, a gidan masu gonar kuma magana ta koma hannun wani dattijo, sa'an babanmu, da muke kira Baba mai gona. Inna tana da gamanarta a cikin gonar, wato ɗan yankin da ake ware wa mace, can ƙasa-ƙasa inda ya fi laima. Nan take shuka kuɓewa da yakuwa da riɗi tun tana amarya. Muna da wata gona ta kanmu a tudu, amma rairayi ne zalla, ga nisa, sai mai sauran gwiwa. Tuwonmu daga kwari yake fitowa.

Yayana ba mugu ba ne. Yana salla a kan lokaci, ba ya cin haƙƙin kowa. Ciwonsa ɗaya ne, shugabanci. Ba a taɓa kafa komite a garinmu aka tashi ba shi ne shugaba ba: na iyayen 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, na famfo, na rabon gidan sauro, har na wani asusun mata da aka rasa yadda aka yi ya shiga. In farar mota ta tsaya a gindin tsamiya, kafin direba ya kashe inji yayana ya zura babbar riga. Hulunan furoje, wato na ayyukan tallafi, da ke rataye a ɗakinsa sun fi kwanukan matarsa yawa. Ni kuwa injin niƙa gare ni, tsoho, mai shan gazuwal, wato man dizal, kamar an aiko shi. Duk mako sai na ɗaure bido, wato jarka, a bayan babur na je Ƙonni na cika.

Wata bazara, kafin ruwa ya sauka, motoci suka zo. Mutum biyu ne manyan tafiyar, ɗaya na gwamnati, ɗaya na kamfani. Na gwamnati ya miƙe ya yabi kamfani, na kamfani ya miƙe ya yabi gwamnati, har maroƙin garinmu ya fara tsoron an zo raba shi da sana'arsa. Suka ce haɗin gwiwa suka yi. Za a noma mai, irin na mota da na inji, a cikin gonakinmu. Kamfani zai kawo dashe da injin matsa, ya kuma sayi 'ya'yan. Gwamnati za ta kawo ƙasa da mutane. Na tsaya ina lissafi a raina, sai na ga ƙasar da gwamnati za ta kawo tamu ce, mutanen kuma mu ne.

Aka fito da abin al'ajabin daga bayan mota, cikin baƙar leda. Sai ga cin-da-zugu. Mutane suka kwashe da dariya, don mun san shi tun muna yara. Shi ne ganyen da akuya ke wucewa ta kau da kai, tsofaffi na yin sabulu da 'ya'yansa, akwai shi ma tsilla-tsilla a bakin maƙabarta. Inna tana zaune cikin mata, ta ɗaga murya.

"Ɗana, ana cin shi?"

Na kamfani ya ce, "A'a, Inna, ba a ci."

"Bisashe hwa?"

"Su ma ba sa ci. Ai shi ne amfaninsa, ba mai taɓa shi."

"To wa ka ci nai?"

"Inji, Inna."

Ta waiwayo ta dube ni, ta ce, "Ashe kai za mu yi ma noma."

Aka sake dariya. Na kamfani ya tambaya ko wane ne ni, aka ce mai injin gari. Nan take ya kama hannuna ya ɗaga sama, ya ce daga bana na bar zuwa Ƙonni, injina zai riƙa sha daga gonar gidanmu. Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini daɗi. Wanda ya taɓa faɗuwa da bido cike a cikin rairayi ya san abin da nake nufi.

Aka kafa komite. Ba sai na faɗi wanda ya zama shugaba ba.

Aka kira su taro a Ƙonni, suka kwana a ɗaki mai fanka. Yayana ya dawo da sabuwar hula da jaka da kalmomi masu nauyi, in yana magana sai ya tsaya ya juya ɗaya a baki kafin ya sake ta. Ya ce kowane manomi zai karɓi dashe ya kewaye gonarsa, amma ana bukatar gona guda ta gwaji, wadda manya za su zo su gani da idonsu. Sharuɗɗanta biyu. Ta zama mai damshi, don kada dashen ya ba mu kunya. Ta kuma zama kusa da hanya, don kada motar manya ta kafe a rairayi. Duk garin gona ɗaya ce ta cika su, kuma tana hannun shugaba.

Na ce, "Yaya, gonag ga aro ta."

Ya ce, "Na hi ka sani. Amma wanga ba icce ba na. Ɗan kurmi na, ko tsawonka ba shi kai."

"Shina da saiwa?"

"Kayan gomnati na! Wa ka jayayya da gomnati?"

"To tahi ka hwaɗa ma Baba tukuna."

"Za ni tahi. Bari a ƙare dashe, kada ruwa shi wuce mu."

Wato za a nemi izini bayan an gama. Inna tana jin mu daga bakin murhu. Yayana ɗanta ne na fari, kuma a al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi ja-in-ja da shi ido da ido. Kunya ce, kuma kunyar nan ta ci mu. Abin da ta iya shi ne ta ce da ni, shi yana tsaye a wurin, "Hwaɗa ma wancan, ubanku ya yi shekarunai cikin gonag ga, ko zogale bai kahwa ba." Na juya na faɗa wa wancan. Wancan ya gyara hularsa ya ce zamani ya canza.

Ruwa ya sauka, aka dasa. Aka kewaye gonar gaba ɗaya, layi biyu, aka bar ƙofa guda ta wajen hanya. Baba mai gona yakan bi ta nan zuwa kasuwa a kan jakinsa. Ya ga ana haƙa ramuka, ya yi mana barka da aiki, ya wuce. Yayana ya ce, "Kun gani? Bai ce komi ba." Ni abin da ya tsorata ni ke nan, bai ce komai ba.

Ranar bikin ƙaddamarwa garinmu ya ga abin da bai taɓa gani ba. An kafa rumfa a bakin gonar, an jera kujerun roba, 'yan lakwal sun yi layi tun hantsi suna rera waƙar maraba har muryoyinsu suka dushe. Manya suka iso bayan azahar. An ɗauko injina a amalanke an girke shi gefen rumfa, don a nuna wa duniya yana shan man gona. Man kuwa a bido aka zo da shi daga wata ƙasa, tunda namu dashen bai wuce gwiwa ba. Makanikin kamfani ya tsiyaya, na ja hannu. Inji ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya mutu. Na sake ja, ya sake mutuwa. Makanikin ya matso ya raɗa mini, "Akwai gazuwal kusa?" Na ce akwai. Ya kare da jikinsa ya ɗura. Inji ya tashi da ruri, mata suka rangaɗa guɗa, na gwamnati ya ce yau an kafa tarihi. Da gazuwal ɗina na Ƙonni aka kafa shi.

Da abin ya tsaya nan, da yau labarin dariya nake ba ku. Amma sai aka yaye wani ƙyalle, ga allo na ƙarfe an kafa da siminti a ƙofar gonar, da tambarin gwamnati a dama, na kamfani a hagu, da sunan yayana ɓaro-ɓaro a tsakiya. Na gwamnati ya karɓi lasifika ya yi ta yabon "wannan jarumin manomi, mai wannan gona." Ya faɗa ya maimaita. Da zance ya yi masa daɗi sai ya ƙara da cewa ƙasa ta wanda ya raya ta ce. Yayana yana tsaye a gefensa, haƙora waje, ana ɗaukar hoto.

Baba mai gona yana zaune a layin gaba, don shi ne mafi tsufa a gari, kuma an ce ana son tsoho a hoto. Aka kawo masa dashe guda da 'yar buta, aka roƙe shi ya sa albarka ya dasa da hannunsa. Ya dubi dashen, ya dubi na gwamnati, ya ce a hankali, "Ranka shi daɗe, a yi min ahuwa. Ni ban saba dasa icce gonar mutane ba."

Baƙi suka yi dariya suka tafa, wai tsoho mai barkwanci. Mu 'yan gari ba wanda ya motsa. Na hango Inna cikin mata ta ja gyale ta rufe fuska. Wani cikin baƙin ya karɓi dashen ya dasa, aka yi addu'a, aka ci shinkafa.

Damina ta yi kyau a shekarar, kamar da gayya. Muka girbe, muka ɗaure. Yayana ya zaɓi dami mafi girma, ya ce in raka shi. Muka sami Baba a zaure, muka durƙusa muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi yara, har injina ya tambaya. Sannan ya dubi damin da ke jingine a bakin ƙofa.

"Wanga hwa?"

Yayana ya ce, "Na al'ada na, Baba."

"A'a. Ku koma da hatsinku. Mai aro ka kai dami. Wanda ad da gona, wa za shi kai ma?"

Nan yayana ya shiga kare kansa. Ya rantse bai taɓa cewa gonar tasa ce ba, kuma gaskiya ya faɗa, bai taɓa cewa ba. Ya ce baƙi ne ba su san kan gari ba. Baba ya ce ai baƙo ba ya ganin hanya sai an nuna masa. Yayana ya ce to gobe da sassafe zai tumɓuke dashen duka, ya cire allon.

Baba ya ce, "Kayan gomnati? Ni ban sa ka ba. Kada gobe a ce tsoho ya hana ƙasa ci gaba."

Muka koma da daminmu a ka, ta tsakiyar gari, kowa na kallo. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyinsa ba.

Tun daga ranar yayana ya shiga zarya. Tsoronsa shi ne ya tumɓuke, ma'aikatan gandun daji su ce ya kashe itacen hukuma, don a wajenmu ko reshen gawo ka sare kana iya kwana kana bayani. Sai ya tafi wani buro, wato ofishin gwamnati, a Malbaza neman izini, ni na kai shi a babur. Mai buron ya karɓe mu hannu biyu, ya kira yayana shugaba, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Da ya ji abin da ke tafe da mu sai ya ce dashen na kamfani ne, gwamnati rakiya kawai ta yi. Muka wuce Ƙonni. Na kamfani ya ce shi ɗan kasuwa ne, maganar ƙasa ta hukuma ce, ba ya sa baki. Ya kuma ƙara da cewa gonar gwaji ba a taɓa ta, don hotonta ya riga ya tafi ƙasashen waje. Muka koma Malbaza aka ce mai buron yana taro a Tawa. Haɗin gwiwar da aka yi mana shela a gindin tsamiya, ashe kowa da tasa gwiwar ya zo, kuma da ita ya koma.

Wani abin haushi, duk wannan zarya da yake yi, yayana bai bar ban ruwa ba. Rani ya shigo, dashen mutane ya bushe a tudu, wanda ya tsira gara ta cinye. Mutane suka ɗaga kafaɗa, dama don hula suka karɓa. Shi kuwa kullum yana tura amalanke da tano biyu, wato gangunan ruwa, zuwa kwari, matarsa na bin layi a rijiya don ruwan tuwo. Na ce, "Yaya, bar shi shi mutu don kainai mana, kowa shi huta!" Ya ce in manya suka dawo suka tarar gonar gwaji ta bushe, da wane ido zai dube su? Yana roƙon a ba shi izinin kashe abu, yana kuma shayar da shi safe da yamma.

Da Inna ta ga abin ya ƙi ƙarewa sai ta yafa zane ta ce in kai ta. Tun rasuwar babanmu ba ta taɓa taka zauren wani namiji ba. Ta zauna a ƙasa daga bakin ƙofa.

"Malam, yaro ya yi wauta. Ni taz zo, ba shi ba."

Baba ya dube ta. Na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma na yarda ba na munafunci ba ne.

Ya ce, "Uwar yara, da ni ɗai na, wallahi da na bari. Mijinki abokina na, tare munka yi kiwo. Amma ina da ɗiya maza, sun komo daga biɗar kuɗi, kowa da iyali, ƙasa ta yi muna kaɗan. Yau ina raye, kowa ya san gaskiya. Gobe in na kwanta, ke kin kwanta, jikokinki su tashi su ishe icce da allo da hoto, da babban mutum da yac ce gaban jama'a gonar ubansu ta. Ɗiyana mi za su nuna? Damin da anka cinye?"

Inna ta miƙe, muka fito. Na so in ji haushin tsohon nan, na nema na rasa. Na san 'ya'yansa sun daɗe suna kallon kwarin, kunya ce ta hana su magana, sai bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. Mu muka tsaga bangon, da kiɗa da guɗa.

Aka zauna gaban mai gari. Ba a yi hayaniya ba, ba wanda ya yi musu. Dattawa suka shaida aro ne, yayana ya ce aro ne, aka ce to aro ya koma gida. Aka yi fatiha. Abin da kaka da uba suka riƙe da dami guda, ɗa ya sake shi a zama ɗaya.

In kuna son jin ƙarshen man, ga shi. Injin matsa bai taɓa zuwa ba. An zuba harsashin ɗakin da za a girke shi a bakin hanya, har yau yana nan, awaki na shan inuwa a jikinsa. Shekarar da shingen ya fara 'ya'ya, yayana ya roƙi 'ya'yan Baba suka bar shi ya tsince, ya cika buhu ya kai Ƙonni. Ya tarar buron kamfani ya zama shagon sayar da taliya. Mai shagon ya ce bai san su ba, amma sun bar kujera mai juyawa, yana jin daɗinta. Buhun ya dawo gida, matarsa ta yi sabulu. Ni har gobe ina ɗaure bido a bayan babur. Shingen kuwa ya yi kyau ƙwarai, ya yi duhu, ya fi mutum tsawo duk da alkawarin yayana, ko ɗan akuya ba ya ratsa shi. 'Ya'yan Baba suka cire allon suka yi murfin akurki da shi, suka bar shingen, don sun ce ba su taɓa samun mai kyansa ba. Yayana ya yi 'yan watanni ba ya fita sai masallaci. Yanzu shi ne shugaban komiten fitilun hasken rana.

Amma ba wannan ne ke ci mini rai ba. Abin da ke ci mini rai ya faru ne a ruwan farko bayan an karɓe gonar.

Ruwan shuka ya sauka, gari ya waye kowa ya fita da sungumi. Mu muka shirya za mu tudu. Inna ba za ta iya tafiyar ba, gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, mun riga mun ce ta zauna gida za mu shuka mata ɗan wani abu a can. Na leƙa ɗakinta in yi mata sallama, ba ta nan. Matar yayana ta ce ta ga fitarta da ƙwarya. Na ajiye sungumi na bi hanyar kwari.

Na same ta tsaye a ƙofar shingen, daga waje. Ba ta shiga ba. A ciki surukan Baba mata biyu suna shuka a daidai inda gamanarta take. Sun gan ta, sun gaishe ta, kunya ta sa sun sunkuyar da kai suna aiki. Na tsaya daga baya.

Sai na ji Inna ta ce da ɗayarsu, "Ke ɗiyata, kada ki sa kuɓewa nan. Ruwa na kwanciya, sai ta ruɓe. Matsa sama kaɗan, wajen jar ƙasag ga. Nan ki bar ma yakuwa, ita ba ta jin komi."

Yarinyar ta ce, "To, Inna." Ta matsa.

"Wane iri gare ki?"

"Na kasuwa na, Inna."

"Ba shi yi nan. Zo ki amshi wanga."

Ta miƙa ƙwaryar ta cikin ƙofar. Irin kuɓewarta ne, wanda take zaɓa da hannunta duk kaka ta ɓoye a tulu cikin toka, irin da ta zo da shi daga gidansu. Yarinyar ta ƙi karɓa, ta ce Inna ta rage wa kanta. Inna ta ce, "In kai shi ina? Tudu ba shi son shi." Yarinyar ta durƙusa ta tara zanenta, Inna ta juye mata duka.

Da ta juyo ta gan ni sai ta haɗe fuska, ta ce me nake yi a nan rana na yi, ko so nake damshi ya wuce mu? Na ce yanzu zan tafi. Na miƙa hannu in karɓar mata ƙwaryar, ta ce in bari, ba nauyi gare ta ba. Muka kamo hanyar gida, ita a gaba tana ɗingishi, ni a baya, ina jin wani irin baƙin ciki da ban san wanda zan kai wa ba, don su biyu suka zo, na gwamnati da na kamfani, kuma kowannensu ya ce ba shi ba ne.